Yabon Gwani Ya Zama Dole, Amma da Wane Ma'auni?

'Yan'uwa malamai, duk shekara idan 5 ga Oktoba ta zagayo, mukan yi anko, mu yi fareti, mu saurari jawabai, sannan a kira sunayen waɗansu daga cikinmu a miƙa musu allon yabo ko takardar shaida. A Abuja har motoci ake rabawa. Ba mu ƙi ba, domin yabon gwani ya zama dole, kuma malamin da ya shekara 20 yana shaƙar ƙurar alli ya cancanci abin da ya fi haka. Sai dai idan taro ya watse, aka kwashe kujeru da rumfuna, akwai tambayar da takan rage mana: me malamin makarantar maƙwabta ya ƙaru da shi daga wanda aka karrama? An shaida mana cewa wane gwani ne, amma ba a faɗa mana abin da ya yi ba, balle yadda za mu yi irinsa. Allo ya tafi bangon ɗaki, dabara kuwa ta zauna a kan mai ita har ya yi ritaya da abarsa.

Wannan ne ya sa muka keɓe sharhin wannan fitowa ga wani al'amari da ke gudana nesa da mu, wato yadda ake karrama sababbin shirye-shirye a kwalejojin al'umma na ƙasar Amurka. Mun zaɓe shi ne domin waɗannan kwalejoji, a matsayinsu da irin ɗalibansu, sun yi kama da kwalejojin ilimin da suka yaye akasarinmu, kuma domin masu karrama su sun daɗe suna kokawa da tambayar da muka yi a sama.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare wadda ake karatun shekara biyu a cikinta. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma ƙofarta a buɗe take ga kusan duk wanda ya gama sakandare, ba tare da tankaɗe da rairaya ba. Wanda ya kammala yana iya kama aiki da shaidarsa ta jinya ko walda ko gyaran injuna ko kwamfuta, ko kuma ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyu ya karɓi digiri. Mafi daɗewa a cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai 6 kacal. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawarar a yawaita irinta ta yadda talaka zai sami karatu kusa da gidansa, kuma daga rahoton nan ne sunan ya bazu. A yau sun kai kimanin 1,000.

Ɗalibansu kuwa su ne lebura mai aikin dare, da uwa mai goyo, da baƙon da bai gama iya Turanci ba, da tsohon soja, da yaron da shi ne na farko a danginsu da ya taɓa wuce sakandare. Saboda haka ba su da ƙimar da manyan jami'o'i ke da ita a idon jama'a, kuma babban ciwonsu sananne ne: masu shiga da yawa, masu fita da shaida kaɗan. Duk wanda ya yi NCE a cikinmu ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba.

Tun a 1968 waɗansu daga cikin waɗannan kwalejoji suka haɗu suka kafa ƙungiyar ƙarfafa ƙirƙira a tsakaninsu, wadda ke ba da lambar yabo ta shirin shekara. Cikin sharuɗɗanta akwai inganci, da sauƙin kuɗi, da kuma wanda ya fi jan hankalinmu, wato ko wata kwaleji za ta iya kwaikwayon shirin. A 1995 aka fara ba da lambar Bellwether, wadda ta kasu gida uku: koyarwa da hidimar ɗalibai, tsare-tsare da shugabanci da sarrafa kuɗi, sai kuma horar da ma'aikata. A kowane rukuni akan zaɓi shirye-shirye 10, kuma dole ne masu su su tsaya gaban takwarorinsu da alƙalai su bayyana abin da suka yi da sakamakon da suka samu. Ko wanda bai ci ba ya koyar, ko wanda ya zo kallo ya koma gida da guzuri.

Mafi girma a cikinsu ita ce kyautar Aspen. An sanar da ita a wani taro kan kwalejojin al'umma da aka yi a fadar shugaban Amurka ranar 5 ga Oktoba, 2010, ranar da mu a nan muke bikin malamai, ƙarƙashin jagorancin Jill Biden, wadda a lokacin ita kanta malamar Turanci ce a irin wannan kwaleji. Kuɗin kyautar dala miliyan 1 ne, ana ba da ita duk bayan shekara biyu, kuma kwalejin Valencia ta jihar Fulorida ce ta fara ci a 2011. Kuɗin ba shi ne abin lura ba, hanyar zaɓen ita ce. Ba a fara da takardar neman shiga ko wasiƙar wani babba. Alƙaluman kwalejojin ƙasar ake fara dubawa, a tace su a fitar da waɗanda suka cancanta, a gayyace su su kawo bayani, a sake tacewa zuwa 10, sannan a tura masana su je su kwana biyu a kowace kwaleji suna ganawa da malamai da ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata na yankin. Tambayoyin da ake yi a sarari suke. Ɗalibai suna koyon abin da aka ce ana koya musu? Nawa ne ke kammalawa? Waɗanda suka wuce jami'a suna samun digirin? Waɗanda suka fita suna samun aikin da zai riƙe su? Kuma, ɗan talaka da ɗan tsirarun ƙabilu suna cin nasara kamar sauran, ko kuwa 'ya'yan masu hali ne ke ɗaga alƙaluman?

Idan muka dubi irin shirye-shiryen da suka yi fice a ƙarƙashin wannan ma'auni, za mu ga cewa ba su da wani ƙyale-ƙyale. A 2007 jami'ar birnin Niyok ta fara wani shiri mai suna ASAP a kwalejojinta na al'umma. Ɗalibi zai ɗauki alkawarin yin karatu cikakken lokaci. Kwaleji kuma za ta cike masa giɓin kuɗin makaranta, ta ba shi littattafai, ta ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, ta haɗa shi da mai ba da shawara wanda ɗalibai 60 zuwa 80 kawai ke hannunsa, maimakon ɗaruruwa. Masu shirin ba su tsaya yabon kansu ba, sai suka bari wata cibiyar bincike mai zaman kanta, MDRC, ta gwada shi. Aka ɗauki ɗalibai kusan 900, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a cikin shirin, rabi a tsarin da aka saba. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Da kwalejoji uku na jihar Ohayo suka kwaikwayi shirin, sai suka musanya katin jirgi da katin sayen fetur da kayan abinci, domin ɗalibansu da mota suke zirga-zirga, kuma sakamakon ya zo kashi 35 da kashi 19. A 2020, shekara 13 bayan fara shi, jami'ar Harvard ta ba shirin lambarta ta ƙirƙira a aikin gwamnati. Yabo ya zo ne bayan hujja, ba kafinta ba.

Kwalejin Amarillo ta jihar Teksas, wadda ta raba kyautar Aspen ta 2023 da kwalejin Imperial Valley, ta fara ne da tambayar ɗalibanta abin da ke hana su gamawa. Tsohon shugabanta, Russell Lowery-Hart, ya zaci za su ce lissafi ko rubutu. Sai amsoshin suka zo a kan abinci, da kuɗin haya, da abin hawa, da mai riƙe yaro. Kwalejin ta buɗe cibiya mai rumbun abinci da tufafi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ta ware kuɗin gaggawa da ɗalibi zai samu ba tare da dogon cike-cike ba, ta kuma mayar da yawancin darussanta zuwa zango na mako 8, domin wanda rayuwa ta yi wa ƙafar ungulu a tsakiyar shekara kada ya yi asarar komai da komai.

A wata kwaleji kuma ta yankin Baltimore, malamin Turanci ne, Peter Adams, ya bi diddigin ɗaliban da ake turawa ajin share fage saboda raunin rubutunsu. Ya gano cewa akasarinsu ba sa kaiwa ga cin ainihin darasin, kuma da yawa ba faɗuwa suke yi ba, ɓacewa suke yi a tsakanin aji da aji. A 2007 ya gwada sa su kai tsaye a cikin ainihin ajin tare da sauran ɗalibai, sannan malamin nan dai ya sake zama da su kaɗai a wani darasi na ƙarin bayani. Yanzu kwalejoji masu yawa a faɗin ƙasar sun ɗauki wannan tsari. Muna so 'yan'uwa su lura cewa wannan dabara daga hannun mai riƙe da alli ta fito, kuma da rajistar ɗalibai ya gano ta, irin wadda kowannenmu ke kira kowace safiya.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne abin da muke son faɗi a yau. Karramawa tana da amfani ne idan an ɗora ta a kan abin da ya sami ɗalibi mafi rauni, aka tabbatar da shi da idon wanda ba shi da rabo a ciki, aka kuma bayyana yadda aka yi dalla-dalla domin wani ya ɗauka. Idan babu waɗannan, to biki ne kawai.

Amma mu 'yan ƙungiya ne, kuma ba za mu yi wa kanmu adalci ba idan muka ɓoye ɗaya gefen. Fiye da rabin masu koyarwa a kwalejojin al'umma na Amurka malaman wucin gadi ne, waɗanda ake biya bisa yawan darasin da suka ɗauka, da yawansu ba su da tabbacin aiki a zango mai zuwa. Kwaleji tana iya karɓar kofi alhali waɗanda suka yi gumin suna yawo tsakanin makarantu biyu ko uku domin haɗa abin cefane. Haka kuma shirin ASAP ya fi tsarin da aka saba tsada a kan kowane ɗalibi, ko da yake binciken ya nuna cewa idan aka raba kuɗin da yawan waɗanda suka kammala, kowace shaida ta fi araha. Ma'ana, sai da hukuma ta zuba kuɗi kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Dala miliyan 1 a shekara biyu ba za ta riƙe kwalejoji 1,000 ba. Sannan duk inda aka ce alƙaluma ne alƙali, akwai haɗarin a fara yi musu kwaskwarima, ko a rufe ƙofa ga raunanan ɗalibai domin sakamako ya yi kyau. Shi ya sa tambayar nan ta ɗan talaka, da ziyarar gani da ido, suka zama ginshiƙai. Lambar yabo ba ta maye gurbin albashi, ba ta maye gurbin kasafi. Aikinta ta nuna wa mai kasafin inda ya kamata ya sa kuɗinsa.

Yanzu mu dawo gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma tun 1989 akwai hukumar NCCE da ke sa ido a kan kwalejojin ilimi. Waɗannan kwalejoji su ne ke karɓar ɗan manomi da bai sami gurbin jami'a ba, da matar aure da ta dawo karatu bayan haihuwa uku. Mu da muka zauna a cikinsu muna tuna ɗakin lacca da mutum ke tsaye a bakin taga yana rubutu a kan gwiwarsa. Muna tuna abokan karatu masu kaifin basira da suka ɓace a shekara ta biyu saboda kuɗin rajista ko kuɗin mota, da 'yan'uwa mata da suka bar karatu saboda babu inda za su ajiye jariri. Muna kuma tuna malamai na ƙwarai da suka bi mu har ƙauyen da aka tura mu gwajin koyarwa, da kuɗin aljihunsu, suka zauna a bayan aji suka gyara mana yadda ake riƙe hankalin yara 80. Babu wanda ya ƙirga waɗanda suka ɓace, babu kuma wanda ya rubuta abin da waɗannan malamai suka yi. Yau da yawansu sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya, dabarunsu sun tafi da su.

A 2017, da gwamnatin jihar Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su ci jarrabawar da ta yi musu ba, ƙungiyarmu ta ƙalubalanci yadda aka gudanar da ita, har aka kai ga yajin aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan jarrabawa, duniya ta ji sunan malamin firamare a matsayin wanda ya kasa. Amma malami ba daga sama ya faɗo ba. Idan ana auna mu, ya kamata a auna inda aka horar da mu, kuma auna ɗin ya haɗa da gano wuraren da ake yin abin kirki domin a yaɗa shi.

Kuma akwai abin kirkin. A 2008 aka fara shirin ba 'yan matan karkara tallafin karatun NCE a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, da haɗin gwiwar UNICEF, bisa sharaɗin su koma su koyar a ƙauyukansu. An yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Irin waɗannan su ne ya dace a yi musu tambayoyin Aspen. A wace kwaleji ce 'yan matan suka fi kammalawa, kuma me ta yi daban? Nawa aka ɗauka aiki, nawa ne har yanzu ke cikin aji? Wace kwaleji ce ta ci gaba da koya wa ɗalibanta dabarun koyar da karatu bayan masu tallafi sun naɗe tabarmarsu? Kwalejin da ke da amsa mai kyau ita ce gwanar da yabonta ya zama dole.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun da dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE. Muna maraba da wannan ci gaba. Fargabarmu ita ce kada kowace kwaleji ta mayar da hankali ga zama ƙaramar jami'a, a riƙa auna ta da tsayin gini da yawan masu digirin digirgir, a mance da wanda zai tsaya gaban 'yan aji ɗaya ya koya musu baƙi da wasali. Abin da aka karrama shi ake bi. Idan gini ake yabo, gini za a yi.

Saboda haka muna kira ga hukumar NCCE da asusun TETFund da uwar ƙungiyarmu ta NUT da su haɗa kai su samar da lambar yabo ta shirye-shiryen kwalejojin ilimi, bisa sharuɗɗa huɗu. Na farko, a karrama shiri da tawagar da ta gudanar da shi, har da ƙananan malamai, ba shugaban kwaleji shi kaɗai ba. Na biyu, hujja ta fito daga inda ɗaliban suka je: yawan waɗanda suka kammala, da yadda yaran da suke koyarwa ke karatu. A nan hedimastoci da malaman firamare su ne shaidu, domin mu muke karɓar waɗanda aka yaye, don haka a sa mu cikin alƙalai. Na uku, kada a karrama shirin da bai shekara uku yana gudana ba, kuma kada a karɓi ko sisin kwabo daga mai neman shiga. Na huɗu, kaso mafi tsoka na kyautar ya tafi ga rubuta shirin da koya wa wasu kwalejoji, da Turanci da harsunan gida.

Kafin manya su amsa, mu fara da kanmu. Muna ba shugabannin wannan reshe shawarar cewa daga bikin 5 ga Oktoba mai zuwa, a ware lamba guda ga wata dabara da aka gwada a ɗaya daga cikin makarantunmu. Mai neman ta ya kawo sakamakon gwajin karatu ko lissafi na farkon zango da na ƙarshensa, tare da rajistar halarta, kuma a duba yaran da ke can ƙasa kafin a duba na sama. Malamai biyu daga wata gunduma su kai ziyara ba tare da sanarwa ba. Wanda ya ci ya rubuta abin da ya yi a shafi ɗaya, da abin da ya kashe, da inda ya yi tuntuɓe, mu kuma mun ɗauki alkawarin buga shi a wannan mujalla. Wannan ba ya buƙatar dala, kuma ba zai rage komai ba daga fafutukarmu ta albashi a kan kari, da ƙarin girma, da haƙƙin 'yan fansho. Hasali ma zai ƙara mana ƙarfi a teburin tattaunawa, domin wanda ya zo da shaidar aikinsa a hannu ba a yi masa kallon mai roƙo.

A cikin wannan reshe akwai malamar da ta gano yadda za ta hana yara guduwa ranar kasuwa, akwai malamin da 'yan ajinsa ke haɗa baƙi kafin ƙarshen zango na biyu. Muna roƙonsu su kawo mana bayani ta hannun wakilan makarantunsu kafin taron reshe na gaba. Allah ya yi wa aikinmu albarka, ya jiƙan malamanmu da suka rigaye mu, ya sa abin da muka koya ya amfani na bayanmu.